Akwatin ajiyar studiyo ya kwanta, diski biyu madubin juna, a taimaka kafin a danna rifiya

Awudu Mai Hoto: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya san harkar diski ya tsaya ya karanta, tun daren Alhamis ban samu barci ba. Akwatin da nake ajiye aikin studiyo anan Aboabo cikin Kumasi, mai diski biyu kowanne 4TB, wanda aka saita min shi RAID 1 wato duk abin da ya shiga ɗaya yana shiga ɗayan, shi ne ya kwanta. Ina cikin tura bidiyon wani aure aka ɗauke wuta, batirin UPS ɗina ya daɗe da mutuwa ban canza ba, da wuta ta dawo sai akwatin ya tashi yana kuka fitilarsa ta koma ja, folda tana buɗewa amma kana taɓa fayil sai ya tsaya cak kusan minti biyar sannan ya ce ba zai iya ba. Aikin shekara huɗu ne a ciki, aure da suna da maulidi da walimar sauka. Na kai wa wani yaro mai gyara a Adum ya duba ya ce diski na 1 ne ya lalace, na 2 lafiyarsa ƙalau, in sayo sabo a cire na 1 a danna rifiya, wato maɓallin da yake sake gina madubin, shikenan. Gobe da safe muka yi da shi amma wlh zuciyata ba ta kwanta ba

Yakubu Alabar: Wa alaikumus salam. To ai maganar yaron daidai ce, amfanin madubin kenan, ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Ka sayi sabon kawai maigida

Malam Sani Nima: Awudu kashe akwatin nan yanzu yanzu ka zare wayarsa daga bango. Kar kowa ya danna rifiya, kar a danna komai. Tambaya ɗaya zan maka ka tuna da kyau: kafin ranar Alhamis akwatin ya taɓa yin wannan kukan?

Awudu Mai Hoto: Na kashe Yaya Sani. Eh ya taɓa, da daɗewa, farkon shekara ne. Ya yi ta kuka kwana biyu, yarona na studiyo ya shiga ya kashe ƙarar, komai ya ci gaba da aiki sai na ɗauka ƙura ce ta hunturu ta dame shi

Malam Sani Nima: Abin da nake tsoro kenan. In da gaske na 2 lafiyarsa ƙalau kuma yana cikin aiki, da ba za ka ga fayil yana tsayawa ba, da akwatin ya jefar da na 1 ya ci gaba da karantawa daga na 2 kai ko sani ba za ka yi ba sai dai kukan. Tunda yana tsayawa, ina kyautata zaton na 2 ya fita daga haɗin tun wancan kukan na farko, duk watannin nan diski ɗaya ne yake ɗauke da kai, kuma shi ne yanzu yake ciwo. Ma'ana mai lafiyar tsohon kaya ne a cikinsa, sabon aikinka duk yana cikin marar lafiyar

Awudu Mai Hoto: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un

Malam Sani Nima: Kwantar da hankalinka, ba a kai ga asara ba tukuna. Amma duba abin da zai faru in aka bi shawarar yaron. In aka cire na 1 aka gina sabo daga na 2, za ka samu akwati mai fitila kore shar, amma aikinka ya tsaya a farkon shekara. In kuma aka bar su biyun a ciki aka danna rifiya, wannan ya fi muni, domin akwatin zai ɗauki na 1 a matsayin mai gaskiya, ya fara karanta shi daga farko har ƙarshe ba hutu yana shafe na 2 da abin da ya karanto. Ya kai rabi na 1 ya mutu, ka ga na 2 rabinsa sabo rabinsa tsoho, ba ka ga tsuntsu ba ka ga tarko

Baba Tanko Asawase: Ni dai a zamaninmu in diski ya yi gardama cikin leda muke ɗaure shi mu sa a firiza ya kwana, da safe a jona a kwashe abin da za a kwashe. Na yi haka ba sau ɗaya ba kuma na ci nasara

Zulai KNUST: Baba Allah ya ƙara girma, amma dan Allah kar Yaya Awudu ya gwada wannan. Na da can ba su kai na yanzu matsewa ba, na yanzu tazarar da ke tsakanin kan allurar da faifan 'yan nanomita ne kawai, ka fito da shi daga sanyi cikin ɗumin Kumasi raɓa za ta kwanta masa, yana juyawa ya goge faifan. Kuma ciwon nasa ba na makalewa ba ne, saktoci ne, wato ƙananan guraben da ake rubuta bayani a kan faifan, suke mutuwa, sanyi ba ya musu magani

Baba Tanko Asawase: To 'yata na ji. Abin da na sani na faɗa, ku da kuke karatun yanzu ku kuka san na yanzu. Amma Awudu ka kasa kunne ka ji ko yana ƙwas ƙwas, wannan dai ko a da in mun ji shi sauke hannu muke yi

Awudu Mai Hoto: Ba ya ƙwas ƙwas Baba, juyawa yake shiru, sai dai in ya zo wani wuri ka ji kamar yana maimaita abu ɗaya

Malam Sani Nima: Maganar Baba gaskiya ce, in da yana wannan ƙarar da na ce ka naɗe shi ka nemi masu ɗaki mai tsabta da suke buɗe diski su canza allura, ba aikin gida ba ne. Tunda ba ya yi, muna da dama. Zulai kina kusa da shi, za ki iya zuwa?

Zulai KNUST: Zan iya Malam, gobe ba ni da lacca sai yamma. Zan taho da filashi mai SystemRescue, wato Linux na aikin ceto. Yaya Awudu kana da kwamfutar tebur mai ramin SATA, inda ake jona diski, a ciki?

Awudu Mai Hoto: Ina da ita ƙanwata, wadda nake editin da ita. Akwai kuma dok na USB da ake tsoma diski

Malam Sani Nima: Ajiye dok ɗin nan gefe. Yawancinsu in diski ya yi jinkirin amsawa a kan mataccen sakta sai su rikice su sake shi gaba ɗaya. SATA kai tsaye a kan allon kwamfuta. Kafin ku zare diskin daga akwati ku manna salatif ku rubuta 1 da 2, ku kuma rubuta siriyal lambar kowanne a takarda. Kuma kar a kunna Windows da su a jone, zai ce bai gane su ba ya nemi a yi musu fomat, hannu ɗaya ya kuskure an gama. Irin waɗannan akwatunan, su Synology da QNAP da sauransu, Linux ne a cikinsu, mdadm ne yake haɗa madubin, sau da yawa da LVM mai rarraba wurin ajiya a kansa sannan tsarin fayiloli na ext4 ko Btrfs, shi ya sa kwamfuta mai Linux take iya karanta su ba tare da akwatin ba

Yakubu Alabar: Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Duk wannan zato ne, ba wanda ya ga cikin diskin. Yaron Adum shi ya duba da idonsa. Kuma in abin ya kai haka me zai hana a sa su a mota a kai Ankara babban birnin Ghana wajen masu aikin, maimakon a yi ta gwaji a kan abincin mutum

Malam Sani Nima: Yakubu ba laifi ka yi shakka, kuma akwai hanyar da za a tabbatar ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya a kan diskin ba. mdadm --examine a kan babban fatishan na kowanne zai nuna abu biyu, Update Time wato ranar ƙarshe da aka sabunta bayaninsa a haɗin, da Events wato ƙirgen sabuntawar. In lambobin sun zo ɗaya na yi kuskure zan faɗa a nan. Maganar kawowa Ankara kuwa, ko ni aka kawo wa abin da zan fara yi kenan, kuma hanyar nan ta awa biyar ko shida da ramuka ba ta yi wa diski mai ciwo daɗi

Hajiya Rabi Sawaba: Ni ban san komai a harkar injin nan ba amma Awudu auren wa kake turawa ranar? Ba na gidan marigayin nan ba ne da aka yi watan jiya?

Awudu Mai Hoto: Shi ne Hajiya. Abin da ya hana ni barci kenan. Mahaifin amarya ya yi addu'a mai tsawo a wajen ɗaurin aure ya riƙe hannun angon yana masa nasiha, sati biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Kullum sai uwar amarya ta kira ni, ba ta tambayar hotuna ba ta tambayar komai sai wannan wurin. Kuma na riga na goge katin kyamara na yi wani aikin da shi

Hajiya Rabi Sawaba: Allah ya jiƙansa. Ɗana ka je gidan da ƙafarka ka faɗa mata gaskiya yau, kar ka yi ta ce mata gobe jibi. Mace mai takaba tana ƙirga kwana ne, in ta ji daga baya a bakin wani zai fi mata ciwo. Ka ce inji ya samu matsala ana kan aiki, ta sa ka a addu'a

Awudu Mai Hoto: In sha Allah bayan la'asar zan je

Zulai KNUST: Salam, ina studiyo yanzu. Mun jona su ɗaya bayan ɗaya, na duba /proc/mdstat kada ya haɗa kansa da kansa, bai haɗa ba. Ga abin da ya fito. Na 1 Events 48213, ranar ƙarshe Alhamis ɗin nan. Na 2 Events 31077, ranar ƙarshe 14 ga Maris. Wata takwas kenan. Na kuma duba smartctl, na 1 lamba 5 wato saktocin da ya riga ya sauya 2096, lamba 197 masu jiran hukunci 1384. Na 2 duka sifili

Yakubu Alabar: Kai. Na sauke, Malam Sani ka yi gaskiya. Awudu ka yafe ni, da ka bi tawa da na jawo maka. To amma me ya fitar da na 2 tunda lafiyarsa lau?

Malam Sani Nima: Ba komai Yakubu, tambayarka ce ta sa aka tabbatar. Yana faruwa, ko bai zauna daram a raminsa ba, ko ya yi jinkirin amsawa sau ɗaya lokacin da wuta ta yi rawa aka kore shi, kuma in an kore shi ba ya komawa da kansa sai an mayar da shi. Yanzu Zulai cire na 2 ki sa a aljihun tebur a kulle, shi ne jarinmu. Aiki na gaba kwafin na 1 gaba ɗayansa sakta bayan sakta da ddrescue, ba kwafin folda ba. Kar a gudanar da fsck mai gyaran tsarin fayiloli a kansa, kar a yi mdadm --create ko da wani a intanet ya ce yana gyarawa, wannan sabon bayani yake rubutawa a kan tsohon. Awudu sai ka nemo diski 8TB, domin ya ɗauki kwafin ya kuma bar wurin da za a zuba fayilolin da aka ceto

Awudu Mai Hoto: 8TB a wannan marrar Yaya Sani, kuɗin da na ware na 4TB ne

Yakubu Alabar: Akwai sabo a shagona ban buɗe ba, aiko yaronka ya karɓa. Ka turo abin da kake da shi ta momo, sauran in ka samu

Awudu Mai Hoto: Allah ya saka da alheri ɗan'uwa, ngd sosai

Zulai KNUST: Malam me ya sa ba za mu fara ɗauko foldar auren nan kawai ba tunda ita ce ta fi damunsa, sannan mu yi sauran?

Malam Sani Nima: Tambaya mai kyau, kuma akwai masu yin haka in sun ga diskin saura ƙiris. Matsalar ita ce kwafi na yau da kullum in ya ci karo da mataccen sakta tsayawa yake ya yi ta gwadawa a wuri ɗaya, nan ne allurar take ƙara cin faifan, ga shi kafin ki kai ga foldar sai an ɗora madubin an ɗora LVM an yi ta tsalle daga nan zuwa can. Shi ddrescue yana bi ne a jere, ya kwashe mai sauƙi tukuna, in ya ga wuri mai wuya ya tsallake ya rubuta a fayil ɗin taswira, sai a ƙarshe ya dawo musu. Zagayen farko ki sa -n kada ya tsaya kankara, ki sa -d ya riƙa karanta diskin kai tsaye, kuma kar ki manta sunan fayil ɗin taswira a ƙarshen layin, shi ne zai sa ko an ɗauke wuta ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ki duba lsblk da siriyal sau biyu kafin ki danna, wanda ake karantawa shi ne farko, inda ake zubawa na biyu, mutane da yawa sun juya wannan sun zuba fanko a kan kayansu. Ki kafa masa fanka. Mai lafiya 4TB yana cin awa bakwai zuwa takwas, wannan zai fi haka

Baba Tanko Asawase: Maganar wuta fa? Kar a je tsakiya dumso, wato ɗauke wuta, ya sake yin nasa. Ina da inbata da batir biyu a gida, a zo a ɗauka da adaidaita, ba na amfani da shi sai dare

Zulai KNUST: Mun ɗauko Baba mun gode. An fara ƙarfe 1:40. Yana tafiya 140MB a sakan, wani wurin ya faɗo ƙasa da 1MB sai ya tsallake

Hajiya Rabi Sawaba: Awudu ka je gidan?

Awudu Mai Hoto: Na je Hajiya. Ta yi shiru ta daɗe sannan ta ce Allah ya ba da sa'a, in ma muryarsa kaɗai aka samu ta gode. Na fito ƙafata ba ƙarfi. Yanzu ina zaune gaban kwamfutar ina kallon lambobin suna motsi, Zulai ta tafi lacca ta ce kar in taɓa komai

Yakubu Alabar: Ni abin da ya ɗaure min kai, mutum ya kashe kuɗin diski biyu don ya kwana da hankali kwance, ƙarshe ga inda aka tsaya. To meye amfaninsa

Zulai KNUST: Yaya Yakubu tun 1988 da Patterson da Gibson da Katz na jami'ar Berkeley a Amurka suka fito da sunan RAID, abin da ake nema shi ne inji ya ci gaba da aiki in diski ɗaya ya mutu, kuma ya yi wa Yaya Awudu hakan, wata takwas yana aiki da ƙafa ɗaya. Amma in ka goge fayil bisa kuskure a duka biyun yake gogewa nan take, in bairos ya kulle kaya duka biyun ya kulle, in wuta ta dawo da ƙarfi ko ɓarawo ya shigo akwati ɗaya suke ciki. Shi ya sa ake cewa kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gida daban

Awudu Mai Hoto: Salam jama'a, zagayen farko ya ƙare bayan awa 19, an ɗauke wuta sau ɗaya da asuba inbatan Baba ya riƙe. Zulai ta ce 99.97

Malam Sani Nima: Alhamdulillah. Yanzu a sake shi ba -n, a sa -r1 ko -r2 kawai. Ku riƙa kallon abin da yake ƙaruwa, in ya yi awanni ba ya samo komai ko kuka ji sabuwar ƙara ku tsayar

Zulai KNUST: Mun tsayar yau da rana bayan kwana biyu, tun jiya da dare bai ƙara komai ba. Abin da ya rage bai karantu ba wajen 9MB ne a warwatse. Malam ina da shawara, tunda madubi ne wuri ɗaya yake a duka biyun, me zai hana mu jona na 2 mu ba ddrescue taswirar nan ya cike ramukan daga can?

Malam Sani Nima: Dabarar tana aiki kuma na taɓa yi, amma a nan ban so ba. Ramin da ya faɗa kan fayil ɗin da ba a taɓa ba tun Maris zai cike daidai. Wanda ya faɗa kan sabon aiki kuwa tsohon abin da ke wurin a Maris za a cusa masa, fayil ya buɗe kamar lafiya alhali da baƙon abu a cikinsa, kuma in ext4 ne, ba ya lissafin sahihancin abin da ke cikin fayil balle ya faɗa miki. Gara mu san waɗanda suka ji ciwo da sunansu. Yi amfani da --fill-mode ki cike ramukan kwafin da wata kalma da ba za a same ta a bidiyo ba, sannan ki ɗora kwafin a karatu kawai, losetup da -r, mdadm --assemble --readonly --run, vgchange -ay, mount da ro,noload. Ki kwashe komai, ki sa grep ya nemo kalmar. Na 2 kuma sai kin sauke wannan kafin ki ɗora shi, lambar shaidarsu ɗaya ce kar su haɗu

Zulai KNUST: Na gane, na fi yarda da wannan. Na sa MATACCENSAKTA

Zulai KNUST: Ya ɗoru!! Foldoji duka suna nan da sunayensu, ba mu ma buƙaci PhotoRec mai tono ɓatattun fayiloli ba. grep ya kwana yana nema, fayil 17 ya samo. 14 tsofaffi ne na kafin Maris, mun ɗauko su lafiya daga na 2. Saura 3, biyu na auren ne ɗaya na wani suna

Hajiya Rabi Sawaba: Wurin addu'ar fa 'yata?

Awudu Mai Hoto: Hajiya yana nan. Na kalla sau uku ina hawaye. Ramin ya faɗa cikin fayil ɗin amma a wajen da ake raba goro ne, hoton ya farfashe kamar sakan ɗaya ya dawo, nasihar da addu'ar ba abin da ya taɓa su daga bismillah har shafawa. Ɗayan na kyamara ta biyu ne shi ya ƙi buɗewa sam

Malam Sani Nima: Alhamdulillah. Wanda ya ƙi buɗewa wataƙila ramin ya ci jadawalin da MP4 yake ajiyewa ne, wanda ake kira moov, hoton kansa yana nan. Zulai ki gwada untrunc, ki ba shi wani lafiyayyen fayil daga kyamarar nan da saiti iri ɗaya ya koyi tsarin, a kan kwafi ba a kan asalin ba. Awudu kai kuma kafin ka fara editin ka zuba foldar auren a wani diskin daban yau ɗin nan. Na 1 kar ya koma akwati, na 2 ma a bar shi yadda yake har sai ka bi aikinka ka tabbatar. In za ka sake haɗa akwatin ka sa ya riƙa turo maka saƙo a waya in diski ya fita, kuma ka canza batirin UPS

Awudu Mai Hoto: Na riga na zuba a wuri biyu, ɗaya yana gidan yayata a Yalwa. Batir na saya da safe a Adum, na kuma biya wajen yaron na nuna masa lambobin Events ɗin, ya ce bai taɓa sanin ana dubawa ba ya rubuta a littafinsa. Baba anjima za a dawo maka da inbata. Yakubu sauran kuɗinka ƙarshen wata in sha Allah. Wurin addu'ar na yanke shi daban minti goma sha ɗaya na sa a filashi, Hajiya in za ki samu dama ki raka ni gidan bayan magariba, ban so in shiga wajen mai takaba ni kaɗai da wannan

Hajiya Rabi Sawaba: Ka biyo ta gida ka ɗauke ni. Ka taho da laftof ɗinka, talabijin ɗinsu ba ya cin filashi